Kafin a Buga Fosta: Addu'ar Naciya da Farkaswar Ikilisiya

 Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda datarsu ba ta isa sauraren murya ba. 'Yan'uwanmu Musulmi masu bibiyar wannan shafi, ku ma sannunku da zuwa. Maganar yau ta cikin gidan Kirista ce, amma ƙofa a buɗe take.

Batunmu shi ne farkaswa, da kuma matsayin addu'ar naciya a cikinta.

Duk wanda ya tashi a ikilisiyar Hausa ya san abin da ake nufi idan sakatare ya miƙe ranar Lahadi ya ce za a yi taron farkaswa. Za a kafa kwamiti. Za a buga fosta da hoton baƙon mai wa'azi, wataƙila daga Jos ko Kaduna ko Abuja. Za a yi hayar lasifika, a sayi man janareta, 'yan kwaya su yi ta gwaji har dare. Juma'a, Asabar, Lahadi, majami'a ta cika maƙil, a yi waƙa, a yi kuka, wasu su fita gaba. To sai Litinin ta zo. Dattijon da ba ya magana da ma'aji yana nan ba ya magana da shi. 'Yar Zumuntar Mata da ta ci bashin 'yar'uwarta tun bara ba ta biya ba. Saurayin da ya fita gaba ya koma shagon caca a wayarsa. Ranar Laraba kuma, ranar addu'ar tsakiyar mako, sai ka ƙirga mutum tara, bakwai daga cikinsu iyayenmu mata.

Ba ina cewa taron ba shi da amfani ba ne. Tambayar da nake so mu yi ita ce: me ya sa yake wucewa kamar ruwan farko na damina, ƙasa ta yi ƙamshi kwana ɗaya, gobe ƙura ta dawo?

Ku duba kalmar kanta. Farkaswa daga farkawa ta fito, kuma mai barci ake farkarwa. Ke nan maganar ta fara shafar waɗanda ke cikin ikilisiya, masu katin baftisma, masu ba da zakka da baiko, waɗanda zuciyarsu ta yi sanyi alhali ƙafarsu tana zuwa sujada. Na waje sai daga baya. Idan kuwa muka bi tarihin wuraren da ikilisiya ta farka da gaske, har farkawar ta daɗe, za mu ga abu guda yana maimaita kansa: kafin taron jama'a, akwai wasu 'yan tsiraru da suka daɗe a durƙushe ba wanda ya san da su.

Bari mu fara da gida. Akwai wanda bai san 'yan Sabon Rai ba? Yawancinmu idan aka ce Sabon Rai Don Kowa, abin da ke zuwa mana shi ne ganguna da kacau-kacau da waƙoƙin da ke tayar da majami'a tsaye. Amma ba daga waƙa aka fara ba. A farkon shekarun 1960, wani ɗan mishan na SIM mai suna Gerald Swank, wanda ya koyar a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, tare da wasu fastoci da 'yan mishan irin su Wilfred Bellamy na SUM, suka damu da abu ɗaya: aikin bishara ya zama na fasto da mai bishara kaɗai, sauran jama'a 'yan kallo. Sun ji labarin wani tsari da aka gwada a ƙasar Nikaraguwa a 1960, wanda ke sa kowane mai bi cikin aiki, sai suka daidaita shi da ƙasarmu. A 1964 aka fara da lardunan Zariya da Filato.

Mataki na farko a tsarin nan shi ne ƙananan ƙungiyoyin addu'a. Mutum kaɗan, a gida, a gindin bishiya, a makaranta, da asuba ko da yamma, suna ambaton sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah. Bayan wannan aka koyar da jama'a, bayan koyarwa aka fita gida gida. Ikilisiyoyi da ba su saba zama tare ba, ECWA da na TEKAN da Anglika da Baptis da sauransu, suka haɗu a kan aiki ɗaya. Daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran Arewa har ya tsallaka wasu ƙasashen Afirka. Yau gangar ta rage mana, kuma muna godiya da ita. Ƙungiyoyin addu'ar da suka haifi gangar fa, suna ina?

Shekaru kaɗan bayan haka, a 1972, aka yi farkaswar da har yanzu tsofaffin ɗalibai ke ba da labarinta a makarantun mishan na Gindiri da ke Filato. 'Yan makaranta ne, sa'o'in ƙannenmu, suka shiga tuba da furta zunubi a fili, daga nan suka fita da wa'azi zuwa garuruwa. Na kawo wannan ne don kada wani matashi ya ce sai ya yi furfura tukuna.

Yanzu mu leƙa waje. A ƙasar Jamus akwai wani ƙauye, Herrnhut, wanda 'yan gudun hijira daga Morabiya suka kafa a 1722 a kan filin wani basarake mai suna Zinzendorf. An kore su daga gida saboda bangaskiyarsu, amma da suka sami wurin zama sai suka koma faɗa da junansu a kan koyarwa. Kun ga irin halinmu ke nan. Zinzendorf ya bi su gida gida yana sulhu, a watan Mayun 1727 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zama tare. Ranar 13 ga Agusta 1727, a wurin cin Jibin Ubangiji, abin da suka daɗe suna roƙo ya sauko musu, mutanen da ba sa ga maciji da juna suka fita suna neman gafarar juna. Makonni biyu bayan haka, maza 24 da mata 24 suka raba sa'o'in dare da rana a tsakaninsu, kowa da awarsa ta addu'a. Wannan sarƙar ta ci gaba fiye da shekara ɗari. Ƙauyen bai fi mutum ɗari uku ba a lokacin, amma a 1732 suka aika mutum biyu na farko zuwa tsibirin Saint Thomas, wurin bayin da aka kwaso daga Afirka. John Wesley, wanda ya kafa Metodis, ta hannun mutanen nan ya sami taimakon da ya kai shi ga juyowarsa a 1738.

Ku lura da jerin: sulhu, sannan addu'a mai tsari, sannan aike.

Na biyu, birnin New York na Amurka. Ranar 23 ga Satumba 1857, wani tsohon ɗan kasuwa mai suna Jeremiah Lanphier ya kira taron addu'a na awa ɗaya da tsakar rana, lokacin hutun ma'aikata, a wata majami'a da ke titin Fulton. Ya raba takardun gayyata. Sha biyu ta buga, ba kowa. Rabin awa yana zaune shi kaɗai. Daga baya mutane suka shigo ɗaya ɗaya, suka zama shida. Mako na gaba wajen ashirin, na gaba wajen arba'in. A watan Oktoba bankuna suka durƙushe, mutane suka rasa aiki da dukiya, taron ya koma na kullum, cikin 'yan watanni dubbai ke taruwa a wurare daban daban na birnin da wasu biranen. Babu shahararren mai wa'azi a ciki. Dokar taron ma ita ce kada kowa ya wuce minti biyar.

Ni abin da ya fi tsaya mini a labarin nan shi ne rabin awar farko. Da Lanphier ya duba agogo ya ce mutanen garin nan ba su da himma, ya kulle ƙofa ya tafi, da ba mu san sunansa ba. Shugaban matasa da ke ji na, wanda ya kira addu'a mutum uku suka zo, wannan naka ne.

Na uku, nan Afirka. A 1929 a Kamfala, wani ma'aikacin gwamnati ɗan Uganda, Simeon Nsibambi, da wani likita Bature, Joe Church, wanda ke aiki a Gahini ta ƙasar Ruwanda, suka zauna kwana biyu suna karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a saboda dukansu sun gaji da sanyin ikilisiya da na zuciyarsu. Daga wannan zama da ƙananan tarukan da suka biyo baya a Gahini aka sami farkaswar Gabashin Afirka, wadda ta ratsa Ruwanda, Uganda, Kenya da Tanganyika. Alamar mutanenta ita ce furta laifi a gaban 'yan'uwa da mayar da abin da aka ci na wani. Baƙi da Bature, wannan ƙabila da waccan, suka zauna a tabarma ɗaya a zamanin da hakan ba abu ne mai sauƙi ba.

To, mene ne naciya? Domin a nan ne muke yawan ruɗewa.

Da yawa mun ɗauka naciya ita ce ƙarfin murya. Wanda ya fi ihu, ya fi buga bango, ya fi zufa, shi ya fi addu'a. Ba na raina mai addu'a da ƙarfi, mai ciwo yakan yi kuka. Amma a labarin Dutsen Karmel, annabawan Ba'al ne suka yi ihu tun safe har yamma. Iliya addu'arsa gajeriya ce. Inda naciyarsa ta fito shi ne bayan taro ya watse, lokacin da ya hau dutse ya sunkuya yana roƙon ruwa, ya aiki baransa ya duba wajen teku har sau bakwai, shida daga ciki ba labari. Hannatu kuma a haikali leɓunanta kawai ke motsi, har Eli ya zaci ta sha ta bugu. A Luka sura 18, Yesu ya ba da misalin gwauruwar da ta dami azzalumin alƙali da zuwa har ya biya mata haƙƙinta. Makaminta ɗaya ne, gobe ma za ta dawo.

Ke nan naciya tana da fuska kamar haka. Mai ita ya san abin da yake roƙo, da suna da wuri. Yana dawowa a kai ko da bai ga alama ba. Kuma yana yarda addu'ar ta fara aiki a kansa. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya. Mutum ba zai yi wata uku yana ambaton sunan wanda yake gaba da shi a gaban Allah ba, ya ci gaba da ƙin gaishe shi. Ɗaya zai kori ɗaya: ko ya daina addu'ar, ko ya daina gabar. Shi ya sa a Matiyu sura 5 aka umarci mai kawo baiko ya ajiye shi ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna. Idan kuna neman hanyar da addu'a ke bi ta farkar da ikilisiya, wadda ido ke iya gani, ga ta nan. Tana tone abin da aka binne, ta sa a biya bashi, ta sa dattawa biyu su zauna a benci ɗaya. Sauran aikin na Ruhu Mai Tsarki ne, kuma ba wanda ke da makunninsa a aljihu.

Wannan ma gargaɗi ne. Addu'a ba injin cire kuɗi ba ce da za ka sa kati, ka danna kwana arba'in na azumi, farkaswa ta faɗo. Akwai waɗanda suka roƙa har suka mutu ba su gani ba. Mutum uku na farko na SIM sun sauka Legas a Disambar 1893 da nufin shigowa ƙasar nan tamu. A 1894 Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent ya rasu a Bida, daga baya Rowland Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 aka iya kafa tasha a Patigi. ECWA da muke ciki ko muke maƙwabtaka da ita, wadda aka kafa a 1954, biyu daga cikin ukun nan ba su ga ko harsashinta ba. Duk wanda ya ce maka ka kawo kuɗi kaza ya buɗe maka sama ranar Juma'a, riƙe kuɗinka.

Yanzu mu dawo Sakkwato, domin a nan maganar take da nauyi.

Kirista a birnin nan 'yan tsiraru ne, kowa ya sani. Akwai 'yan asalin yankin, akwai mutanen Zuru da Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, akwai 'yan Kudu, akwai ɗalibai da 'yan bautar ƙasa da ma'aikatan da canjin wurin aiki ke kawowa ya kwashe. Tarihinmu a nan ba na jiya ba ne. Tun shekarun 1930 'yan SIM ke jinyar kutare a Amanawa. Dayosis ɗin Katolika na Sakkwato ya tsaya da ƙafarsa a 1964, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ke riƙe da shi tun 2011. Amma ikilisiyar da jama'arta ke shiga da fita kamar tasha, idan ta dogara da baƙon mai wa'azi da taron shekara shekara, kullum daga farko za ta riƙa farawa.

Kuma dukanmu muna tuna watan Mayun 2022. Bayan kisan ɗalibar nan a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya fito ya yi tir da shi, gari ya rikice, an taɓa wasu majami'u da shaguna, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24, Katolika suka dakatar da sujada a cikin birni har a ɗage dokar. Ban kawo wannan don tayar da tsohon miki ba. Tambaya nake so in yi: a ranakun da ƙofar majami'a ke rufe, lasifika a kashe, fasto ba ya iya fitowa, me ya rage? Gidan da ya saba durƙusawa tare ya sami abin riƙewa. Gidan da addu'arsa duka tana hannun fasto ya zauna da tsoro da jita-jitar WhatsApp. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A Ayyukan Manzanni sura 12 an kashe Yaƙub, an kulle Bitrus, kuma ikilisiya ba ta da kowa a fada. A gidan wata mata, Maryamu uwar Yohanna Markus, suka taru da dare suna roƙo da naciya. Da Bitrus ya ƙwanƙwasa ƙofa, yarinyar gidan, Roda, ta zo da labari, suka ce mata ta haukace. Kun ji fa, masu addu'ar da kansu ba su gama gaskatawa ba. Wannan yana ƙarfafa ni. Ba a jira sai bangaskiya ta cika kafin a fara, taruwar da dawowar su ne abin da aka nema.

Akwai kuma gwajin da ke nuna ko addu'armu ta farkaswa ce ko ta ɗaci. Su wa muke ambata? Idan duk roƙonmu wuta ce a kan maƙiya, mu binciki kanmu, domin Yesu ya umarci masu binsa su yi addu'a saboda masu tsananta musu. Mutanen Sabon Birni da Isa da Goronyo da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, yawancinsu Musulmi ne, wasunsu suna nan cikin gari suna neman abin sawa a baki. Mai shagon da ke ba ka bashi, maƙwabciyar da ke aiko muku da abincin salla, suna cikin jerinka? Ikilisiyar da ta farka, maƙwabta ne ke fara shaidawa, tun kafin ta buga sanarwa.

Na san wani zai rubuto a ƙasa ya ce: kullum addu'a, addu'a, ƙasa tana lalacewa, matasa ba aiki, ku tashi ku yi wani abu. Ɗan'uwa, damuwarka tana da tushe, domin akwai masu fakewa da addu'a don guje wa aiki. Amma duba Nehemiya. Ya yi wajen wata huɗu yana azumi da addu'a kafin ya buɗe baki a gaban sarki, da ya buɗe kuwa ya san adadin lokacin da yake bukata da wasiƙun da zai nema da inda za a samo katako. Da maƙiya suka yi barazana, suka yi addu'a suka kuma sa masu gadi. Garun ya ƙare cikin kwana 52. Mutanen Herrnhut ma masu sana'a ne, ɗaya daga cikin biyun da suka fara aikawa maginin tukwane ne, ɗayan kafinta. Addu'ar da ta yi shekara ba ta sa kowa ya ziyarci marar lafiya ko ya biya wa maraya kuɗin makaranta ba, akwai abin dubawa a cikinta.

To me za mu yi daga wannan makon? Ga shawarata, kuma ba ta bukatar kwamiti ko sisin kwabo.

Nemi mutum biyu ko uku da kuke unguwa ɗaya, a Minanata ne, Mabera ne, ko ɗakin kwanan ɗalibai. Ku tsayar da rana da lokaci, rabin awa ya isa. Masu cewa ƙarfe biyar na safe ta yi wuri, ku tuna a garin nan kiran sallar asuba yana tashin maƙwabtanmu kowace rana, da hunturu da bazara, kuma suna tashi. Ku sami ɗan littafi ku rubuta sunaye da bukatu da kwanan wata, don ku san abin da kuka roƙa. Ku karanta sura ɗaya kafin ku fara, saboda kada addu'ar ta zama jerin koke kawai. Abin da aka faɗa a wurin ya tsaya a wurin, domin ba abin da ke kashe ƙungiyar addu'a da sauri kamar gulmar da aka sa wa rigar “mu tuna da wane”. Ku sanar da fastonku ko dattijo, kada ku zama ikilisiya a cikin ikilisiya, kuna kallon saura a matsayin marasa ruhaniya. Ku rage murya saboda maƙwabta masu barci. Wayoyi a kife, ba hoto, ba sitatus. Sannan ku ɗaura niyyar wata shida kafin ku zauna ku ce yana aiki ko ba ya aiki.

Iyayenmu na Zumuntar Mata da suka riƙe addu'ar Laraba shekara da shekaru ba tare da an taɓa sa hotonsu a fosta ba, mun gode, Allah ya saka muku. Matasa, wannan Larabar ku je ku zauna kusa da su, ku ji yadda ake yi.

A nan za mu dakata. Ku rubuto mana a ƙasa: a ikilisiyarku mutum nawa ke zuwa addu'ar tsakiyar mako, kuma me kuke gani ya hana saura? Wanda ya san wani dattijo ko wata dattijuwa da suka ga farkon Sabon Rai da idonsu, ya je ya tambaye su, ya kawo mana abin da suka ce, za mu karanta a shiri na gaba. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana.

Allah ya tsare mana Sakkwato, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.